Kashi 70 na albashi ba lallai ya isa mai ritaya ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an yi ritaya ɗawainiya za ta ragu, don haka kashi 70 ko 80 cikin ɗari na albashi ya wadatar. Wannan ƙiyasi ne kawai, kuma yana iya yaudarar mutum.

Gaskiya ne kuɗin zuwa aiki zai tafi, haka ma abin da ake cirewa na fansho. Amma kuɗin magani da ganin likita yakan ƙaru da shekaru, wanda bai mallaki gida ba kuma haya na nan tana jiransa. Gara ka ɗauki biro da takarda, ka rubuta abin da kake kashewa a shekara, ka cire abin da zai wuce, ka ƙara sabuwar ɗawainiyar da za ta shigo.

Abin da ya fi damuna shi ne hauhawar farashi. Idan tana tafiya a kashi 6 duk shekara, cikin kusan shekara 12 kuɗinka ya rasa rabin ƙarfinsa. Wanda ya ajiye aiki yana ɗan shekara 60 zai iya ganin haka har sau biyu.

A 1994 William Bengen, wani mai ba da shawara kan harkar kuɗi, ya nuna, bisa tarihin kasuwar Amurka, cewa cire kashi 4 na ajiya a shekarar farko, ana ƙarawa gwargwadon tashin farashi, yakan kai mutum shekara 30. Wato ka tara ninki 25 na giɓin da fansho bai cike ba a abin da kake kashewa a shekara. Inda farashi ke gudu, sai ka tara fiye da haka.