Takalmin Kipchoge na gwanjo

Kun dai san tun bayan Sallah nake cewa zan rage tumbin nan. Ranar Asabar na faɗa wajen 'yan gwanjo, wani yaro ya miƙo min takalmi kore shar, wai irinsa Kipchoge, ɗan tseren nan na Kenya, ya sa a birnin Biyana a 2019 da ya cinye kilomita 42 ƙasa da awa 2. Na ɗaga, sakayau kamar fanko. Wai har da farantin kabon a tafinsa mai cilla mutum gaba. Ƙafata 44, takalmi 43, ya ce ai na tsere dole ya matse. Ko tayi ban yi ba.

Washegari bayan asuba ina filin sukuwa. Zagayen farko lafiya lau, har na fara hango kaina a gudun famfalaƙin Legas. A na biyu babban yatsa ya fara zugi, ashe ƙafa kumbura take idan gudu ya yi nisa. Sai na ji fat, fat, fat a bayana. Na waiga, ba kowa. Na ƙara wuta, fat-fat ma ya ƙara wuta. Ashe takalmin hagun ne ya wangale baki yana yi min tafi. Daidai gaban matan nan masu atisaye tafin ya ɓalle gaba ɗaya ya yi sama, ni kuma na zube a gwiwa kamar mai neman gafara. Farantin kabon kuwa, kwalin taliya ne, har da rubutunsa.

Wa zai tsinto shi in ba Baba mai silifas ba? Ya kakkaɓe shi, ya miƙo min da hannu biyu.

"Sannu ɗana, ga rabin takalminka."

"Na gode, Baba."

Bai tafi ba fa. Tsayawa ya yi ya karanta min tarihin Abebe Bikila ɗan Habasha, da ya ci zinaren gudun famfalaƙi a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ƙafarsa ba takalmi. Da ƙarfi, don matan su ji. Mutumin nan dama ina ciki da shi. Tafiya kawai yake, carbi a hannu, amma kullum sai ya wuce ni, kuma sai ya yi sallama lokacin da yake wucewar. Wa ya tambaye shi? Yanzu daga nesa yake ɗaga hannu: "Kipchoge, an tashi lafiya?" Har mai shayin bakin ƙofa ya ɗauka.

Mai gyaran takalmi ya ce gam ba zai riƙe ba. Farcen dai ya yi baƙi, ina jira ya faɗi. Takalmina na da yana nan ƙarƙashin gado, lafiyarsa ƙalau.