Samari, Shugaban Cikin Fim Ba Shi Ne Ma'auni Ba

Daren Asabar da ya wuce na tsaya wurin mai shayin bakin layinmu, na tarar da samari kusan goma sun yi wa waya ɗaya rumfa suna kallon wani fim na fassara. A cikinsa wani firaministan ƙasar da babu ita a taswira ya hau mulki ana tsakiyar yaƙi, ya kori ministocinsa, ya sa aka harbe masu adawa da shi, sannan ya murƙushe abokan gaba kafin shayin da ke gabansu ya huce. Da fim ya ƙare, wani yaro da bai fi shekara 20 ba ya buga benci ya ce irin wannan shugaba muke bukata, ko da za a yi yaƙi a share ƙasar a sake sabon lale. Babu wanda ya kwaɓe shi, kuma wannan ne ya hana ni barci.

Ƙannena, mutumin da kuke yi wa kirari marubuci ne ya ƙaga shi, ya zaɓa masa abokan gaba, ya kuma yanke ranar da zai yi nasara tun kafin a kunna kyamara. Gawarwakin da kuka gani sun tashi sun karɓi kuɗin aikinsu. Ta yaya mai hankali zai ɗauki tatsuniya ya auna shugabanci da ita, har ya yi wa ƙasarsa fatan wuta?

Ga shi kuwa muna da namu tarihin, wanda da na tambaye su babu ko ɗaya da ya iya kawo shi. Yakubu Gowon yana da shekara 31 ya zama shugaban ƙasa a watan Agusta na 1966, bayan juyin mulki biyu da zubar da jini a cikin shekara guda. Ya je Aburi a ƙasar Ghana a farkon 1967 ya zauna da Ojukwu, gwamnan soja na yankin Gabas, sulhu bai ɗore ba. Ya ƙirƙiri jihohi 12 ranar 27 ga Mayu, kwana uku bayan haka Ojukwu ya ayyana ɓallewar yankin Gabas da sunan Biyafara, a watan Yuli kuma aka fara harbi. Abin da gwamnati ta zata ɗan aikin kwantar da tarzoma ne ya ci wata 30, mutane fiye da miliyan ɗaya suka mutu, mafi yawansu yunwa ce ta kashe su, ƙananan yara masu kumburarren ciki a sahun gaba. Sojojin Murtala Muhammed sun yi yunƙurin ƙetare Kogin Kwara zuwa Onitsha a ƙarshen 1967, aka yi asarar rayuka masu yawa. A wane fim ne ake nuna muku uwar da aka kawo wa labarin ɗanta ya nutse?

Da Philip Effiong, mataimakin Ojukwu, ya miƙa wuya a madadin Biyafara a Legas ranar 15 ga Janairun 1970, Gowon bai yi abin da jarumin fim ɗinku ya yi ba. Cewa ya yi babu wanda ya ci, babu wanda aka ci. Duk da haka mulki ya ruɗe shi, a 1974 ya janye alkawarin miƙa wa farar hula mulki a 1976, aka kuwa kifar da shi a Yulin 1975 yana taron shugabannin Afirka a Kampala. Ko Churchill na Ingila, da ya jagoranci ƙasarsa a Yaƙin Duniya na Biyu, jama'arsa sun kayar da jam'iyyarsa a zaɓen 1945.

Abin ya wuce fim ma. Kullum kuna tura wa juna bidiyon bogi na wani soja ya yi jawabin da bai taɓa yi ba, kuna zagin duk wanda ya ce a bincika, da kuɗin data da kuka roƙa wurin iyayenku mata. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, kuma zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma wa ke sauraron karin magana yanzu? Ku nemi ilimi, ku zauna da manya, ku rage wannan kallon.

Muna yara akwai wani tsohon soja a unguwarmu da ya dawo daga yaƙin basasa yana ɗingishi. Idan yara suka fara wasan bindiga da karan dawa a ƙofar gidansa, sai ya fito ya karɓe karan ya kakkarya, ya koma ciki ba tare da ya ce uffan ba, mu kuma mu watse cikin kunya. Ya rasu tuntuni, irinsu sun kusa ƙarewa, kuma a daren Asabar dattawa biyu na zaune a kan bencin nan suna jin yaron, babu wanda ya ɗaga kai daga wayarsa.