Ranar da "negatif" ta cinye mini bashi

A 2021 ni ne malamin korona a gidanmu, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Na haddace cewa "korona" kambin sarauta ne da harshen Latin, saboda 'yan ƙayoyin da suka kewaye ƙwayar. Har na taɓa shaida wa baƙi cewa 19 ɗin da ke jikin COVID-19 na nufin wannan ne zuwan cutar karo na goma sha tara. 'Yata mai karatun jinya ta ce, "Baba, ai shekarar 2019 ake nufi." Na ce da ma gwada ta nake yi.

Ana nan sai mura ta kama ni, na je gwaji. Aka zura mini tsinken auduga a hanci har na ɗauka tunanina ake son tonowa. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo waya: negatif.

To ni a lissafin makaranta, negatif shi ne abin da ke ƙasa da sifili, kuma ban taɓa haɗuwa da shi da alheri ba. Gwiwoyina suka mutu. Na kira uwargida na nemi gafara, har na amsa cewa ni na zauna a kan tabaranta bara, ba yara ba. Na buga wa ƙanina da nake bi bashi shekara uku, murya na rawa, na ce na yafe. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya," ya kashe waya. Ko abin da ya same ni bai tambaya ba.

Da yamma 'yata ta dawo ta tarar da ni cikin bargo ina wasiyya. Ta karanta saƙon, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe gwajin PCR burbushin ƙwayoyin halittar bairos ɗin yake nema a majina: in ya samu, fozitif, in bai samu ba, negatif. Wato mura ce kawai, ita ma yawanci aikin wani bairos ne can daban.

Na tashi zaune, na sake kiran ƙanina, na ce an samu kuskuren fassara, maganar bashi tana nan.

Ya ce, "Yaya, ni ma yanzu na gwada aljihuna. Negatif ne."

Ina ajiye waya na ga uwargida a bakin ƙofa, riƙe da fasasshen tabarau.