Kwamfuta kaɗai ba za ta share layin tsofaffin sojoji ba

Wani labari da na gani ya nuna kamar kwamfuta ce za ta kawo ƙarshen jinkirin biyan diyyar nakasa ga tsofaffin sojojin Amurka, amma ina da ja. A watan Maris na 2013, buƙatun da suka haura kwana 125 ba a yanke hukunci a kansu ba sun zarce 600,000, kuma barin fayilolin takarda zuwa na kwamfuta da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji (VA) ta yi ya taimaka wajen rage su. Sai dai da dokar PACT ta 2022 ta shigo da waɗanda suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan cikin masu cancantar diyya, layin ya sake tsawo. Masu cewa na'ura ta wadatar, wa zai duba jikin sojan idan likitocin tantancewa sun yi ƙaranci?