Wasannin intanet na taron jama'a ba na maza kaɗai ba ne

Duk wanda ya leƙa shagunan gem a Gusau zai tarar da samari zalla. Shi ya sa ake ɗauka cewa wasanni irin World of Warcraft, inda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya kowa da jarumin da ya ƙera wa kansa, harkar maza ce. Ba haka abin yake ba. Shagon ne na maza, don da wuya iyaye su bar 'yarsu ta zauna a can. A Amurka kusan rabin masu buga wasannin bidiyo mata ne, kuma a nan ma akwai masu bugawa a waya cikin ɗakinsu.

Abin da ke ɓoye su ya fi damuna. Da zarar an ji muryar mace, sai a fara yi mata maganganun banza, don haka da yawa sukan kashe makirufo, su sa sunan namiji. Ita kuma jarumar da kake gani a allo, sau da yawa namiji ne ke tuƙa ta. Binciken Nick Yee, wani mai nazarin masu buga wasannin bidiyo, ya nuna maza sun fi mata yawan zaɓar jarumin da ba jinsinsu ba a wasa.

Kamfanoni ma sun ƙara wa wannan zato ƙarfi. Shekaru sun yi suna zana jarumai mata da sulken da bai rufe jiki ba, don jawo samari. Amma wasan Final Fantasy XIV, wanda kamfanin Square Enix ya sake fitarwa a 2013, ya ba da fili ga labari, sana'o'i, ƙawata gida da zumuncin ƙungiya, kuma maza da mata duk suka rungume shi.