Yayin ɗanyen nama ga kare da mage: a dafa mana, ko an hana ku wuta ne?

Makon jiya na leƙa gidan wani ƙanina da ya shiga sana'ar kiwon karnukan gadi, irin manyan nan na ƙasar waje da ake sayar da ɗan kwikwiyonsu kuɗin bijimi. Na tarar da shi tsugune gaban wata roba, yana jera kawunan kaji da ƙafafunsu, da tumbi, da hanta, ya fasa ɗanyen ƙwai a kai. Ƙudaje sun yi dandazo. Can gefe 'yarsa mai rarrafe tana ƙoƙarin kai hannu cikin ruwan jinin da ya gangaro kan siminti. Na ce masa, ba za ka ɗora a wuta ba? Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Haba Yaya, ai dafawa kashe amfanin take yi. Wannan shi ne abincinsu na asali." Sai ya zaro waya ya nuna mini bidiyon wani Bature a TikTok.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Wannan yayi ya iso mana daidai lokacin da waɗanda suka ƙirƙiro shi suke ƙirga gawarwakin magunansu.

Tushen maganar wani likitan dabbobi ne ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, wanda tun 1993 yake wa'azin a koma ba kare ɗanyen nama da ƙashi. Hujjar mabiyansa guda ce, kuma ita suke ta maimaitawa: kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya hura wuta. Maganar da daɗin ji, amma ganin kitse ake wa rogo. Kare ya yi dubban shekaru yana bin ɗan Adam yana cin ragowar tukunyarsa, har cikinsa ya sauya. Masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin sun nuna a 2013 cewa ƙwayar halittar da ke narkar da abinci mai sitaci, wadda kyarkeci yake da guda biyu kacal, a jikin kare ta ninka sau da yawa. Mafarautanmu ba su jira binciken Suwidin ba. Da dusa da ƙanzo da ragowar tuwo suke riƙe karnukan da ke cin zomo da gudu. Kuma shi kyarkecin da ake ta yi mana kirari da shi, wa ya ce lafiyayye ne? Da tsutsar ciki yake yawo, ƙashi ya karya masa haƙori, ya mutu da ƙuruciyarsa a daji babu mai ɗaukarsa bidiyo.

To bari mu zo kan abin da ke cikin robar. Tsakanin 2010 da 2012 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobi da ake sayarwa a can. Ta sami ƙwayar cuta ta salmonela a 15, ta sami wata mai suna listeriya a 32. Wannan fa naman kamfani ne, wanda aka naɗe a leda aka ajiye a firizar da ba a taɓa ɗauke wa wuta ba. Sau da yawa karen ba zai nuna alamar ciwo ba, ƙwayar sai ta bi kashinsa da yawunsa da kwanonsa ta isa ga mutanen gidan. A Ingila a 2017 mutum huɗu sun kamu da wata muguwar ƙwayar ikolai, ɗaya ya mutu, kuma binciken hukuma ya karkata ga ɗanyen tumbin da ake ba karnuka. Shekara guda bayan haka likitocin Jami'ar Edinbura suka gano tarin fuka irin na shanu a jikin magunan da ba sa ko fita ƙofar gida, abin da ya haɗa su kawai shi ne ɗanyen naman barewa na kamfani ɗaya.

Maganar mage ce ta fi tsaya mini a rai, domin a gidajenmu kare a waje yake kwana, ita kuwa kyanwa a kan tabarmar yara take, tana lasar yatsun jariri. A Disambar 2024 ma'aikatar gona ta jihar Oregon ta sanar da mutuwar wata mage da murar tsuntsaye ta H5N1 bayan ta ci ɗanyen naman talotalo na kanti. Aka ci gaba da samun irin haka a Kalifoniya da Niyok, a Janairun 2025 kuma FDA ta umarci masu haɗa irin wannan abinci su sake duba tsarinsu saboda cutar. Wannan mura ba ta yi wa mage da wasa, takan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma da yawan waɗanda suka kamu ba sa tashi. Daskarewa a firiza ba ta kashe ƙwayar, adana ta take yi. Abin da ke kashe ta shi ne zafin da ya kai digiri 74 a ma'aunin Salsiyas, wato tukunyar da ƙanina ya raina.

Kada wani ya ce wannan matsalar Amurka ce. A Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna aka fara tabbatar da H5N1 a nahiyar Afirka baki ɗaya, kuma tun daga lokacin cutar tana tafiya tana dawowa. Mu faɗa wa juna gaskiya: kawuna da kayan cikin da ake saya wa kare da araha, na wace kaza ne? Sau nawa mai gona yake wayar gari da mushen kaji ya rasa mai saye sai masu karnuka? A kwata kuma, huhu ko hantar da aka ga ƙullutun ruwa a jikinta, wadda mahauci ya yanke ya jefar, ita ce hanyar da wata tsutsa take shiga cikin kare. Daga kashinsa ƙwayayenta su koma jikin mutum, su gina ƙullutu a hanta ko huhu, wanda sai bayan shekaru ake ganowa, sau da yawa sai an kai ga tiyata. Ga zafin bazara, ga wutar da ake kawowa awa uku a ɗauke. A nan ne za a ajiye ɗanyen tumbi kwana huɗu?

Ko da an tsira daga cuta, haɗin kansa gurgu ne. Tsokar nama tana da sinadarin fosforas da yawa, na kalsiyam mai gina ƙashi kuwa kaɗan. Ɗan kwikwiyon da aka rene shi a kan tsoka zalla, jikinsa zai riƙa zuƙe kalsiyam daga ƙashinsa, ƙafafu su lanƙwashe, ya karye daga ɗan tsalle. Mai shi kuma ya ce sammu aka yi masa.

Masu cewa a rungumi abincin buhu na kanti a huta, su ma kada su ɗaga mana hanci: a 2007 garin alkama mai gubar melamin daga Sin ya hallaka karnuka da maguna a Amurka, daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 masara mai gubar rima ta kashe wasu fiye da ɗari, balle buhun da ya sha rana a tashar jirgin ruwa kuma kuɗinsa ya fi cefanen gida na mako. Abu ɗaya zan ba su: mai kyau daga ciki an auna sinadaransa, musamman sinadarin da ake kira taurin, wanda tun 1987 aka gano rashinsa yana lalata zuciyar mage.

Ni dai abin da nake cewa bai wuce a hura wuta ba. A tafasa naman da kayan cikin su nuna, a haɗa wa kare da shinkafa ko tuwo da ɗan ganye, mage kuma a rinjayar mata da nama da kifi tunda ita ba ta rayuwa a kan hatsi. A cire dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Ragowar miyarmu ma a yi hattara da ita, albasa da tafarnuwa suna fasa musu ƙwayoyin jini. Sauran awo da ƙarin sinadarai a tambayi likitan dabbobi, ga su nan daga Zariya har Vom, kuma ƙungiyarsu ya kamata ta fito ta yi magana a kafafen da samarin nan suke kallo, da Hausa.

Ƙanina bai yarda da ni ba. Ya ce gashin karnukansa har sheƙi yake tun da ya fara, ni kuma na ce maiƙo ne, dafaffen ma zai ba su. Da zan fita dai na ga matarsa ta ɗauke yarinyar ta goya, ta ɗebo ruwa da omo tana wanke simintin.