Ziyolait: Binciken jami'a ya kamata ya sauko gonakin Kura da Auyo

A bayan injinan casar shinkafa na Kura da Garun Malam, buntu ne jibge, wani yana ci da wuta a hankali, hayaƙi na shiga gidajen mutane. Mafi yawan tokar da ke saura silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, kuma da silika da alminiyam ake haɗa wani sinadari da masana kemistri ke kira ziyolait.

Farar hoda ce in ka gan ta, amma kowace ƙwaya cike take da ƙananan ramuka masu girma ɗaya, kamar rariya: ta bar wani abu ya shige, ta tare wani. A bangon ramukan ne ake aikin. Tun shekarun 1960 matatun mai ke amfani da ita wajen farfasa mai mai nauyi ya koma fetur, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya an daɗe ana binciken yin ta daga farar ƙasar Kankara. Aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai kasuwar matatu tana hannun manyan kamfanonin waje da suka riga mu da shekaru masu yawa, kuma mai matata ba ya gwaji da injinsa.

Ni a ganina, kasuwarmu tana gona. Manomin Jigawa ya sayi buhun yuriya da tsada ya watsa a ƙasa mai rairayi. Wani kaso ya tashi iska, ruwan sama ko na ban ruwa ya wanke wani ya yi ƙasa da shi, abin da gero ko shinkafa ta ci bai taka kara ya karya ba. Ziyolait na kama sinadarin amoniyam da yuriya ke komawa, ta riƙe shi a ramukanta, ta riƙa saki kaɗan-kaɗan. Tana kuma riƙe danshi.

Akwai matsala, kuma ba ƙarama ba ce. Da soda ake haɗa ta a ɗakin gwaji, sinadarin sodiyam da ke cikin sodar kuwa yana kashe ƙasa, musamman filin noman rani da kanwa ta fara hawa. Yawancin gwaje-gwajen noma da aka yi a duniya ma da ziyolait na asali da ake haƙowa aka yi su. Ga kuɗin wuta. In buhun ziyolait ɗin ya fi takin da za a ceto tsada, wa zai saya?

Wannan tambaya ba a ɗakin gwaji ake amsa ta ba. Jami'ar Bayero tana da cibiyar binciken noma a busasshiyar ƙasa, Dutse tana da jami'ar tarayya, ga tashar binciken ban ruwa a Kadawa. Duk tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, da za a ba mai binciken ziyolait daga buntu, a sa masa sharaɗin gwaji a gonar manomi na damina da rani, da lissafin kuɗin kowane buhu, a karanta wa manoman sakamakon da Hausa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba.